Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke Zaune a Fuskar Ilektirod?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sashen kimiyyar sinadarai. A ɗakin gwaji mun zuba metanol cikin ruwan asid, muka tsoma wayar filatinam a matsayin ilektirod, wato ƙarfen da lantarki ke bi ya shiga ruwan ko ya fita, muka tsayar da ƙarfin lantarki a rabin volt. Da farko lantarki ya kwarara sosai, amma nan da nan ya fara ja da baya har ya kusa ɗaukewa. Malaminmu ya ce filatinam ɗin ne ya sha guba, wai iskar CO, wato kabon monoksaid, ce ta manne masa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mu dai ba mu zuba CO ba, kuma wayar tana nan fes tana ƙyalli yadda muka saka ta. Ta yaya aka san CO ce? Ko dai hasashe ne?

Daga wata ɗaliba.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku ya faɗi gaskiya, ke ma kin kyauta da kika nemi hujja, domin masana sun shafe shekaru suna jayayya a kan wannan tambaya taki. Tun cikin shekarun 1960 aka san akwai abin da ke toshe filatinam idan ana ƙona metanol a kansa, wato ana zare masa ilektiron da lantarki. Wasu suka ce COH ne, wasu suka ce CHO, wasu suka ce CO (C kabon ne, O oksijin, H kuma haidirojin). Dukkansu da ma'aunin lantarki suke aiki, shi kuwa ilektiron kawai ya iya ƙirgawa: nawa suka wuce, cikin daƙiƙa nawa. Ba ya faɗa miki daga jikin wa suka fito, balle wanda aka bari zaune a kan ƙarfen.

Ido ma ba zai taimake ki ba. Abin da ya manne shimfiɗa ɗaya ce tak, kaurinta kaurin mulekul guda. A kowane murabba'in santimita na filatinam akwai ƙwayoyin atom kimanin tiriliyan 1,500 da ke fuskantar ruwa. Ko da CO ta hau mafi yawansu, nauyinta duka bai kai kashi ɗaya cikin miliyan goma na giram ba. Shi ya sa wayarki take ƙyalli alhali ta toshe.

Abin da ya tona asirin CO shi ne girgiza. Ƙwayoyin atom da ke cikin mulekul ba a tsaye cak suke ba, ɗaurin da ke tsakaninsu kullum miƙewa yake yana takurewa. Ki ɗauke shi kamar tsirkiya: idan ta yi tauri sautinta ya yi sama, idan ta yi sako-sako ko ta yi nauyi sai ya yi ƙasa. Ɗaurin kabon da oksijin na CO yana kai da komowa kusan sau tiriliyan 64 a daƙiƙa guda. Hasken infared, wanda William Herschel ya gano a 1800, saurin kaɗawarsa ya faɗo daidai wannan yanki, kuma mulekul ba ya shan haske sai wanda saurinsa ya yi daidai da girgizarsa. To sai mu haska, mu duba wane ɓangare na hasken ne ya ɓace. Muna auna shi da lambar zango, wato yawan zangon hasken da ke shiga santimita ɗaya. CO da ke yawo a iska tana sha a 2143. Wannan lamba ita ce shaidarta.

Da ta sauka a kan filatinam sai lambar ta sauya, kuma sauyin ne ya fi burge ni a duk wannan fanni. CO tana tsayawa ne kabon a ƙasa, oksijin a sama. Tana ba ƙarfen ilektiron, shi kuma ya mayar mata da wasu zuwa wani gurbi da ke raunana ɗaurinta. George Blyholder ne ya bayyana haka a 1964. Idan a kan atom ɗaya ta tsaya, lambar takan sauko tsakanin 2050 da 2090. Idan ta raba ƙafa a kan atom biyu, ta fi samun ilektiron, ɗaurin ya ƙara saki, lambar ta faɗo wajen 1850. Kin ga ke nan hasken ya faɗi sunan wadda ke wurin, ya kuma faɗi irin zamanta.

Babban cikas shi ne ruwa. Ruwa yana shan infared ƙwarai, musamman a wajen 1640 da kuma 3400, kuma 'yar shimfiɗar ruwa da ba ta kai kaurin gashin kai ba ta isa ta haɗiye hasken a waɗannan wurare. Alan Bewick na Jami'ar Southampton a Ingila, tare da Keiji Kunimatsu da Stanley Pons, su suka fito da mafita a 1980. Sai a goge faifan filatinam har ya zama madubi, a danna shi a jikin tagar da infared ke iya ratsawa, galibi ta sinadarin CaF2, har ruwan da ya rage tsakani ya zama maikiromita kaɗan. Haske ya shiga a karkace, ya bugi ƙarfen, ya dawo. Sannan a auna a ƙarfin lantarki biyu daban, a cire wannan daga wancan. Ruwan bai damu da sauyin ba, don haka nasa ya share kansa. Abin da ya rage shi ne abin da ya motsa a fuskar ƙarfe.

A 1981 Bernard Beden da Claude Lamy na Poitiers a Faransa suka haɗu da Bewick da Kunimatsu, suka yi gwajin da metanol. A zanen da na'urar ke fitarwa, inda kowane layi ke nuna lambar da aka sha haske, layi mai ƙarfi ya fito a yankin CO mai tsaye a kan atom ɗaya, da wani mai rauni a yankin mai raba ƙafa. Gani ya kori ji.

Za ki iya cewa, to in CO ɗin a cikin ruwa take fa, ba a kan ƙarfe ba? An toshe wannan ƙofa ta hanyoyi da dama. Idan aka ɗaga ƙarfin lantarki, lambar tana hawa da kimanin 30 a kowane volt, abin da mulekul mai yawo a ruwa ba zai yi ba, domin filin lantarkin mai tsanani yana nan ne cikin nanomita ɗaya ko biyu daga fuskar ƙarfe. Idan aka juya hasken yadda kaɗawarsa ta kwanta a kan fuskar, layin sai ya ɓace, alhali na abin da ke ruwa yana nan. Idan aka yi amfani da metanol mai ɗauke da kabon mai nauyin 13 a madadin 12, layin yana sauka da wajen 45, wanda ya nuna kabon ɗin daga metanol ya fito. Idan kuma aka ci gaba da ɗaga lantarki, layin CO yana raguwa a daidai lokacin da wani ke tasowa a 2343, lambar CO2, wato kabon dayoksaid.

Inda CO ɗin ta fito kuwa, duba tsarin metanol, CH3OH. Filatinam gwani ne wajen fizge haidirojin. Ya cire huɗun ɗaya bayan ɗaya, ilektiron huɗu suka wuce, wannan shi ne kwararar da kika gani da farko. Abin da ya rage shi ne C da O, wato CO. Kafin ta bar wurin tana buƙatar ƙarin oksijin daga ruwa, shi kuwa filatinam ba ya fasa ruwa da kyau sai lantarki ya haura wajen 0.6 ko 0.7 na volt idan an auna daga ilektirod na haidirojin, wanda ake ɗauka a matsayin sifili. Ke kin tsaya a rabin volt, inda ake tara CO ba a kwashe ta. Saboda haka ne masu ƙera batir mai shan metanol suke gauraya filatinam da ruteniyam, wanda ke fasa ruwa tun lantarki yana ƙasa. Watanabe da Motoo sun bayyana wannan haɗin gwiwa a Japan tun 1975.

Ki koma ɗakin gwaji ki ɗaga lantarkin zuwa volt ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ki dawo da shi rabin volt. Za ki ga kwararar ta farfaɗo, ta sake raguwa a hankali.

TAMBAYA

Malam, ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Na karanta cewa ruwa ba ya damun hanyar Raman yadda yake damun infared. In haka ne, me ya hana a bar infared gaba ɗaya a koma Raman wajen nazarin ilektirod?

Daga wani malami.

AMSA

Malam, abin da ka karanta gaskiya ne, sai dai akwai sauran magana. A hanyar Raman ba shan haske ake dubawa ba. Ana haska leza mai launi ɗaya, a tattara hasken da ya warwatsu, a nemo ɗan ƙalilan da ya dawo da sauyin launi saboda ya bar wani kaso na ƙarfinsa a girgizar mulekul. C. V. Raman da K. S. Krishnan suka gano haka a Kalkata ta Indiya a 1928, aka ba Raman kyautar Nobel a 1930. Ruwa rauni gare shi a wannan hanya, shi ya sa ba ya tare hanya. Amma komai ma rauni gare shi: kusan ƙwayar haske ɗaya ce cikin miliyan goma ke dawowa da sauyin. Daga shimfiɗa ɗaya ta mulekul, abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba.

A 1974 Martin Fleischmann da Patrick Hendra da James McQuillan, su ma a Southampton, suka kakkarce fuskar ilektirod na azurfa da lantarki, suka sa masa firidin, wani zobe mai kabon biyar da naitirojin ɗaya. Sai ga layuka ƙarara a wajen 1008 da 1036. Suka ɗauka karcewar ce ta ƙara faɗin fuskar har mulekul da yawa suka samu wurin zama. A 1977 ƙungiyoyi biyu, Jeanmaire da Van Duyne a Amurka, da Albrecht da Creighton a Ingila, suka yi lissafi suka ga faɗin bai isa ya bayyana abin ba. Kowane mulekul ne hasken da yake warwatsawa ya ninka sau dubu ɗari zuwa miliyan. Dalilin shi ne ilektiron da ke cikin ƙananan tudun azurfar suna kaɗawa tare da hasken leza, sai filin hasken ya taru ya yi tsanani a tsakankaninsu. Mutane da yawa ba su san sunan Fleischmann da Pons ba sai ta iƙirarin da suka yi a 1989 na haɗa ƙwayoyin nukiliya ba tare da zafi ba, wanda sauran masana suka kasa tabbatarwa. Abin yana yi mini ciwo, domin ayyukansu na farko a kan ilektirod har yau da su ake aiki.

Ga inda gizo ke saƙa. Wannan ninki yana da ƙarfi ne a kan azurfa da zinariya da jan ƙarfe. Filatinam, wanda shi muka fi son leƙawa, ninkinsa kaɗan ne. Sannan dole fuskar ta zama mai gargada, alhali mai son sanin ainihin yadda mulekul ke zama ya fi son fuska sumul wadda ya san jerin kowane atom nata. Na uku, wanda ya fi damuna, ninkin ba daidai yake a ko'ina ba. Wani awo da aka yi a Jami'ar Illinois a 2008 ya nuna cewa wurare 63 kacal cikin miliyan ɗaya su suka ba da kashi 24 cikin ɗari na dukkan hasken. Ashe muryar 'yan tsiraru kake ji, waɗanda suka faɗa lungu mai zafi, kuma ba lallai ne halinsu ya zama halin sauran ba.

An rage waɗannan matsaloli. A 2010 ƙungiyar Tian Zhongqun ta Jami'ar Xiamen a ƙasar Sin ta lulluɓe ƙananan dunƙulen zinariya masu faɗin kimanin nanomita 55 da ɓawon silika mai kaurin nanomita biyu ko makamancin haka, ta barbaɗa su a kan fuska sumul. Zinariyar ta ninka haske, ɓawon ya hana ta shiga harkar sinadaran. Shi ma infared bai tsaya ba. Masatoshi Osawa na Jami'ar Hokkaido ya bunƙasa hanyar shafa siririn ƙarfe a jikin dutsen silikon a haska shi ta baya, yadda hasken ba ya ratsa ruwa sam, yana ɗan leƙowa ne kawai. Da wannan ana bin sauyi cikin ƙasa da daƙiƙa, kuma ruwa yana zagayawa a sake.

Akwai kuma abin da infared ya fi bayarwa a sarari, wato yadda mulekul ya kwanta ko ya tsaya. Ƙarfe yana mayar da hoton kowane caji kamar yadda yake mayar da haske. Girgizar da ta kwanta a kan fuskar, hotonta yana soke ta. Wadda ta miƙe tsaye, hotonta yana ƙara mata ƙarfi. Don haka layukan da suka fito da waɗanda suka ɓace suna faɗa maka zaman mulekul. Ta haka aka bi firidin a kan zinariya: yana kwance a kan zobensa idan fuskar na da cajin negetif, yana miƙewa a kan naitirojin idan cajin ya koma fozitif. A ganina duk wanda ya samu damar yin hanyoyin biyu a kan abu ɗaya kada ya zaɓi guda, domin girgizar da ta yi rauni a wannan sau da yawa ita ce mai ƙarfi a wancan.

TAMBAYA

Malam, ina karatun digiri na biyu. Ina ƙona wani ƙaramin sinadari a kan filatinam, sai na ga sabon layi yana fitowa daidai lokacin da lantarki ke ƙaruwa. Zan iya rubuta cewa na gano matakin tsakiya da sinadarin ke bi kafin ya zama CO2?

Daga wani ɗalibi.

AMSA

Ɗana, kada ka rubuta tukuna. Bari in ba ka labarin asid ɗin fomik, HCOOH, wanda ilektiron biyu kacal yake bayarwa kafin ya zama CO2, amma ya sa manyan masana suka yi ta kai ruwa rana.

A 1973 Capon da Parsons suka ce hanya biyu yake bi a kan filatinam: ɗaya ta CO mai toshewa, ɗaya kuma ta kai tsaye, ta wani mataki mai saurin wucewa da ba wanda ya gan shi. A 2002 ƙungiyar Osawa ta ga layi a wajen 1320, na fomet, HCOO, tsaye da oksijin biyu a kan atom biyu na filatinam. Yana fitowa idan lantarki na kwarara, kamar naka. Suka ce ga matakin da ake nema. A 2006 ƙungiyar Jürgen Behm a Ulm ta Jamus ta auna layin da lantarkin tare a cikin ruwa mai gudana, ta ga ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa, ta ce wannan fomet ɗan kallo ne, yawancin CO2 ba ta kansa take bi ba. Aka yi ta musayar hujja. A 2013 wani aiki da Osawa kansa yake ciki ya nuna ƙonewar ta fi sauri idan tsamin ruwan ya kai wajen pH 4, kusa da inda asid ɗin ke sakin haidirojinsa, ya kuma karkata ga cewa wani fomet mai sassauƙan riƙo ne ke yin aikin. Har yanzu ba a gama rufe maganar ba.

Dalilin wannan wahala a fili yake idan ka yi tunani. Haske yana ganin abin da ya taru ne. Abin da ke taruwa kuwa shi ne wanda ke shiga da sauri ya fita a hankali. Matakin da ya fi kowa aiki yana iya zuwa ya wuce nan take, yawansa a fuskar ƙarfe bai kai yadda na'ura za ta hango ba. Ƙari a kan haka, ƙarfin shan haske ba ɗaya ba ne. CO tana sha sosai, 'yar kaɗan ma sai ta cika zanen, wani kuma ya yi yawa amma da ƙyar ya nuna. Na sha ganin rubuce-rubucen da suka ɗauki layin da ya fi tsayi suka naɗa shi sarkin aikin, kuma wannan gaggawa tana ɓata wa waɗanda suka biyo baya lokaci.

Fara da tabbatar da cewa layin naka ne. Ka maimaita gwajin babu sinadarin. In da asid ɗin salfa kake aiki, ka sani salfet ma yana mannewa a filatinam yana ba da layi a wajen 1200, don haka ka gwada da asid ɗin fakilorik wanda riƙonsa ba shi da ƙarfi. Ka kori iskar ɗaki daga na'urar da busasshen naitirojin, domin tururin ruwa da CO2 na numfashinka suna shiga zanen. Idan layin yana kusa da 1640, ka sauya ruwan da ruwa mai nauyi, D2O, wanda nasa layin ke komawa wajen 1200, ka ga ko naka ya tsaya. Ka duba ko lambar tana motsi da ƙarfin lantarki.

Bayan nan sai gwajin da ya fi raba gardama. Ka bar lantarki a tsaye, ka sauya ruwan daga mai kabon 12 zuwa mai kabon 13 a lokaci guda, ka auna daƙiƙa nawa layin ya ɗauka kafin ya koma sabuwar lambarsa. Wannan zai ba ka yawan mulekul da ke barin fuskar a kowace daƙiƙa. Ka ninka da ilektiron da kowanne ke bayarwa, ka kwatanta da lantarkin da ka auna. Idan kana da na'urar da ke tantance iskoki ta nauyin mulekul ɗinsu da aka haɗa da tukunyar gwajin, irin wadda Wolter da Heitbaum suka fito da ita a 1984, ka ƙirga CO2 ɗin ma, domin wasu sinadaran ba sa kaiwa can. Etanol a kan filatinam yawancinsa a asetaldihaid da asid ɗin asetik yake tsayawa, ilektiron biyu ko huɗu maimakon 12, saboda ɗaurin da ke tsakanin kabon biyun yana da wuyar tsinkewa.

Idan lissafin biyu ya hau, kana da hujjar da za ka kare a gaban kowa. Idan saurin musayar ya gaza lantarkin nesa ba kusa ba, ka rubuta cewa ka ga wani abu manne a fuskar filatinam a lamba kaza, ka faɗi ƙarfin lantarkin da ya bayyana da wanda ya ɓace, ka kawo sakamakon kabon 13 ɗin yadda ya fito.